Ayarin Mota Daga Sama: Martani Ga Masu Kushe Diron

Suka iri biyu ake yi wa yaran nan masu tashin diron a kan ayarin motoci. Dattawa na cewa fariya ce da almubazzaranci, kuma ita ke zuga matasa su yi ganganci da sitiyari don a ɗauke su. Masu ganin sun san fim kuwa cewa suke yi aikin ragwaye ne: wanda ya rasa abin nunawa sai ya cilla kyamara sama, ya kwaso rufin kwano da titi, ya ɗora kiɗa. Na biyun ba sai an ɓata lokaci a kansa ba. Rago yana nan a kowace sana'a, kuma ba a taɓa rufe maƙera don wani ya ƙera lauje marar kaifi ba. Sukan dattawa shi ne mai nauyi, domin rai yake magana a kai, kuma shi nake son in amsa. Amsar tana cikin aikin kansa, a wani salon ɗauka guda da masu sukan ba su tsaya sun kalla da kyau ba.

Ɗaukar mota daga sama ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Tun da aka fara tseren Faris zuwa Dakar a ƙarshen Disamban 1978, motoci da babura sun sha ratsa Agadas da hamadar Tenere, jirage masu saukar ungulu na bin su da kyamara. Hotunan da duniya ta san Sahara da su a shekarun 1980, da yawansu daga nan suka fito: ɗigon mota a tsakiyar yashi, ƙura ta miƙe a bayanta. Aiki ne mai tsada da haɗari. Wanda ya kafa gasar, Thierry Sabine, a cikin irin wannan jirgi ya mutu a Mali ranar 14 ga Janairun 1986. A 2000 aka tsallake zangunan Nijar saboda barazanar tsaro, aka kwashi motocin ta sama daga Yamai zuwa Libiya, a 2008 aka soke gasar baki ɗaya, daga nan ta bar Afirka. Sai ga kamfanin DJI na ƙasar Sin ya fito da Phantom a 2013, ya biyo da Mavic mai naɗewa a 2016, wanda ke shiga jakar goyo. Abin da a da sai mai hayar jirgi, ya dawo hannun mai ɗaukar bidiyon biki. Kannywood ta karɓa, masu ɗaukar hawan salla suka karɓa, sannan ya gangaro kan ayarin kai amarya, da rakiyar 'yan siyasa, da masu wasan mota da babur a filin bayan gari.

Yawancin abin da ake ɗauka, gaskiya, bin baya ne. Jirgi ya biyo mota ta ƙeya, ko ya sha gabanta yana ja da baya, ko ya yi ta kewaya ta. Wannan salo kwaikwayon Turawa ne, kuma su sun kai shi maƙura. A Fabrairun 2024 kamfanin Red Bull ya fitar da bidiyon wani diron da wasu 'yan Holan suka ƙera, mai gudun da ya haura kilomita 300 a awa, ya bi motar Max Verstappen zagaye guda cur a filin Silverstone na Ingila. Abin mamaki ne, ban musa ba. Amma idan ka gama kallo ka tambayi kanka me ka gani, sai ka tarar bayan mota ne da kwalta. Diron ɗin da ke hannun yaranmu kuwa da ƙyar yake wuce kilomita 70 a awa, batirinsa ba ya cika rabin awa a sama, iskar hunturu ma na rage masa. Mai bin baya da irin wannan kaya ya shiga gasar da ba zai ci ba, kuma shi ne ke jawo abin da dattawa ke tsoro, don a wannan salon gudu ne kaɗai ke ƙayatarwa.

Salon da nake karewa shi ne na tsayuwa. Mai jirgi ya riga ayari isa wurin, ya zaɓi gurbi, ya hau sama, ya kifar da kyamara ta dubi ƙasa tsaye, sannan ya sake rimot ya bar jirgin cak. Ba ya bin kowa. Motoci ne za su shigo hoton ta wannan gefe, su ratsa, su fice ta wancan.

Abu na farko da ke faruwa shi ne sararin sama ya ɓace daga hoton. Babu gajimare, babu inda ƙasa ta haɗu da sama, sai ƙasa zalla shimfiɗe. Kafin mota ta farko ta iso, idon mai kallo ba shi da abin yi sai karatun wurin: jan burji, farar turbar ƙafa da ta yanke ta nufi rijiya, kunyoyin gero da aka girbe suna jere, da'irar inuwar kuka, gawo da ya yi kore shar alhali komai ya bushe. Daƙiƙa huɗu ko biyar na wannan jira su ne rabin aikin, kuma su ne edita marar haƙuri ke fara yankewa. Idan mota ta shigo bayan ido ya san wurin, shigowarta labari ce. Wanda ya fara da mota a tsakiyar hoto kuwa talla kawai ya yi.

Sai inuwa. Da tsakar rana hoton sama ba shi da daɗi, don rana na bisa kai, kowace mota ta zama akwati marar tsayi, Hilux da Golf da Sharon duk ɗaya. Bayan la'asar ne abin ke canzawa. Rana ta karkata yamma, inuwar kowace mota ta kwanta gabas da tsawo, kuma a inuwar ne ake ganin siffar da kyamara ba ta gani daga sama: kayan gara da aka ɗaure bisa rufi, kawunan samarin da ke bayan a-kori-kura, ɗan kabu-kabu da fasinjarsa da mayafinta na kaɗawa. Hoto guda ya ba ka mota ta sama, ya ba ka ita ta gefe. Kyamarar ƙasa ba ta da yadda za ta yi wannan.

Ƙura ita ce ta uku, kuma a nan ake gane wanda ya san garinsu. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. A duk hanyar burji da ta miƙe kudu da arewa, ƙurar da taya ta tayar za ta kwanta ta yamma, inuwa kuma da yamma tana gabas. Ke nan mota na tsakiya, baƙar inuwa a hannu ɗaya, farar ƙura da rana ta haska a ɗaya hannun. Mai jirgin da ya lura da haka zai ɗan gusa ta inda iska ke fitowa, ya bar ƙurar ta bi ɗaya gefen. Wanda bai lura ba zai tsaya ta inda take zuwa, ta rufe masa gilashi, ta shige masa injin farfela, ya koma gida yana zagin hunturu. A hanyar da ta bi gabas da yamma kuma lissafin daban ne, don inuwa za ta riga mota ko ta bi ta a baya. Babu littafin da ya zo cikin kwalin jirgin da zai gaya maka wannan. Ilimin manomi ne da makiyayi, na sanin inda iska ke fitowa a kowane wata.

To, ga amsar dattawa. Daga wannan tsayi gudu ba ya burgewa. Motar da ke tsala gudu, cikin ƙiftawar ido ta ratsa hoton ta fice, ba wanda ya gane ta wace ce. Wadda ke tafiya a natse ita ake gani. Abin da ke yin kyau daga sama shi ne tazara: mota goma sha, kowace ta bar wa ta gabanta fili daidai, suna shan kwana ɗaya bayan ɗaya. Direban da ya fita layi don ya wuce 'yan'uwansa, ko ɗan babur da ya kutsa tsakani, shi ne ya ɓata hoton, kuma kowa zai gan shi a wayar kowa har abada. Mai ɗaukar da ya san aikinsa, kafin a tashi sai ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya yana roƙo: don Allah a tafi a hankali, kowa ya riƙe layinsa. Ban san wani abu da ya taɓa sa ayarin biki ya rage gudu da son ransa ba in ba wannan ba. Masu hawan salla sun daɗe da sanin haka. Sukuwa ta 'yan daƙiƙu ce a ƙofar fada, amma abin da ke cika ido tun daga filin idi shi ne jerin dawakin hakimai, kowace tawaga a muhallinta. Ayarin mota gadon wannan jeri ya ci, salon tsayuwa kuma shi ne ya fi fito da gadon.

Wani abu da nake jin haushinsa shi ne sauti. Diron ba ya ɗauko sautin ƙasa, ƙarar farfelarsa ta hana, don haka edita ke ɗora waƙar da ake yayi. Asara ce. A ajiye waya ɗaya a bakin hanya ta naɗi ham ɗin motoci da guɗar mata da kalangu yana matsowa yana nisa, a ɗora wannan ƙarƙashin hoton sama, a ga bambanci.

Duk wannan bayani, wanda ke Kaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi zai karanta shi da wani ciwo a rai, don ya san wuraren da suka fi dacewa da irin wannan ɗauka su ne wuraren da ba a zuwa. Hanyar Kaura zuwa Shinkafi, da wadda ta bi Zurmi ta nufi Jibiya, sun zama hanyoyin da direba ke tambayar labari a tasha kafin ya ɗau fasinja. Ba mai hankalin da zai tsaya a dajin nan da la'asar sakaliya yana jiran inuwa ta yi tsawo. Sama ma ba ta kowa ba ce. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta ce ba a tashin diron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A farkon Maris 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe, gwamnatin tarayya ta ayyana hana shawagin jirage a sararin Zamfara, a Satumban shekarar kuma aka katse layukan waya, aka rufe kasuwannin mako. A Janairun 2025 harin sama ya faɗa kan 'yan sa-kai a Tungar Kara. Mutanen da suka ga irin wannan, ƙugi a sama ba abin wasa ba ne a wurinsu. Duk mai jirgin da zai tashe shi a nan ba tare da izinin hukuma da sanin jami'an tsaro da mai unguwa ba, bai cancanci kariyar da nake yi ba. Hoton hanya daga sama kuma yana iya zama taswira a hannun mugu, shi ya sa ba kowane ake sakawa a TikTok ba.

Amma wannan halin ne ma ya sa nake ganin aikin ya wuce nishaɗin biki. A salon tsayuwa, mota uzuri ce kawai, hanya ce abin kallo. Ango ya biya don a ga motocinsa, abin da ya samu a ƙarshe shi ne hoton garinsu a wata rana ta wata shekara: iyakar inda gine-gine suka tsaya, gonar da ba a riga an yanka filaye ba, yashin gulbin Gagare da rani, layin dogon da ya iso Kaura a 1929 ya mai da ita tashar ƙarshe ta gyaɗa da auduga. Wa ya ɗauki hoton ayarin motocin da ke shiga kasuwar Shinkafi ranar Alhamis a lokacin da take cika ta batse, manyan motoci daga kudu, raƙuma da shanu daga Nijar? Da akwai diron a lokacin, da wani yaro ya tsaya cak a sama na minti biyu, da yau muna da abin nuna wa yaran da suka taso ba su san hanyar nan da dare lafiya ba. Garuruwa da yawa a Zurmi da Shinkafi sun tashi, mutanensu na zaune a Kaura da Gusau. Kowane bidiyon biki da aka ɗauka daga sama kafin su tashi, yanzu shaida ce ta inda masallaci yake, da inda gidan wane ya yi iyaka da na wane.

Abin takaicin shi ne yadda waɗannan hotuna ke salwanta. Mai ɗauka yana da katin ajiya ɗaya ko biyu. Ya tace na mintuna uku ya tura wa ango ta WhatsApp, wanda ke matse hoton har kunyoyin gona su narke, sannan ya goge asalin don biki na gaba. Daƙiƙun nan na jira kafin mota ta shigo, waɗanda suka fi komai daraja, su ne ba sa ma kaiwa ga ango. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda tana nan tun 1983, da ɗakin karatu da ɗalibai masu ilimin kwamfuta. Ba wani kuɗi mai yawa zai ci ba ta buɗe ma'ajiya, ta ce wa masu ɗaukar bidiyo na ƙananan hukumomin nan su kawo asalin abin da suka ɗauka daga sama kafin su goge, a rubuta sunan wuri da kwanan wata a kan kowanne, a kulle wanda tsaro bai yarda a nuna yanzu ba.