Faifan "Exodus" na Bob Marley: Harsashi da Bege a Faifai Guda

A cikin shekarar 2017 kamfanin Island tare da iyalan marigayi Bob Marley suka sake fitar da faifan nan nasa mai suna Exodus, domin tunawa da cikarsa shekara 40 da fitowa. Ba wannan ne karo na farko da aka sake buga shi ba, don kuwa an yi haka a 2001, aka kuma yi a 2007. Amma bugun 2017 ya sha bamban da sauran, saboda faifai uku aka haɗa a cikinsa. Na ɗaya shi ne na asali, yadda ya fito ran 3 ga Yuni 1977. Na biyu kuwa aikin ɗansa ne, Ziggy Marley, wanda ya koma kan tsofaffin kaset na ɗakin ɗaukar murya, ya tsinto abin da aka bari, ya sake haɗa waƙoƙin, ya kuma sake musu jeri. Na uku shi ne wasan da mawaƙin ya yi a zauren Rainbow na Landan a watan da faifan ya fito. Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta duba ko jerin da mai waƙa ya yi wa waƙoƙinsa yana da wata ma'ana, ko kuwa abu ne da kowa zai iya juyawa ba tare da an yi hasarar kome ba.

Ba a fahimtar wannan faifai sai an san halin da aka yi shi a ciki. Tsibirin Jamaika ya sami mulkin kai daga hannun Ingila a 1962, kuma jam'iyyu biyu ne suke takarar mulkinsa. A 1976 Michael Manley na PNP shi ne Firayim Minista, Edward Seaga na JLP kuwa shi ne madugun 'yan hamayya. Gābar da ke tsakaninsu ta sauka har cikin unguwannin talakawa na birnin Kingston, inda 'yan bangar kowane ɓangare suke riƙe da bindigogi, har ta kai ga an kafa dokar ta-ɓaci a watan Yuni na wannan shekara. Marley ya yarda zai yi wasa kyauta ran 5 ga Disamba domin a kwantar da hankalin jama'a, sai gwamnati ta sa ranar zaɓe 15 ga watan, watau kwana goma bayan wasan. Nan da nan aka ɗauka ya bi Manley ke nan. Ran 3 ga Disamba da dare 'yan bindiga suka auka gidansa da ke Hope Road, suka harbi matarsa Rita a ka, suka yi wa manajansa Don Taylor mummunan rauni, shi kuma harsashi ya goge shi a ƙirji ya shige hannunsa. Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Ya yi wasan da rauninsa a ranar da aka sa, sa'an nan ya bar ƙasar, bai komo ba sai a farkon 1978. A Landan, cikin watannin farko na 1977, ya ɗauki waƙoƙin Exodus.

Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kuma dole mai sauraro ya tashi ya juya shi da hannu in fuska ɗaya ta ƙare. Marley ya yi amfani da wannan hali na faifai, ya sa waƙa biyar a kowace fuska. Ta farko tana ɗauke da Natural Mystic, da So Much Things to Say, da Guiltiness, da The Heathen, da Exodus, dukansu kuwa waƙoƙin gargaɗi ne da zargin azzalumai. Ta biyu tana ɗauke da Jamming, da Waiting in Vain, da Turn Your Lights Down Low, da Three Little Birds, da One Love/People Get Ready, waɗanda aka saba kira waƙoƙin soyayya da nishaɗi. Daga nan ne ra'ayin nan da ya yaɗu ya samo asali, cewa wai fuskar farko ta talakawan Kingston ce, ta biyu kuwa ta kasuwar Turai ce, kuma wai mutumin ya ga bindiga ya ja da baya. Wannan ra'ayi yana da ɗan ƙamshin gaskiya, amma in aka saurari faifan da kunnen basira za a ga bai cika ba.

Abin da ya fi fitowa fili a fuskar farko shi ne, ba a ambaci sunan kowa daga cikin masu rai ba. Wanda aka harba wata biyu ko uku da suka wuce, ana tsammani zai yi zambo, ya kama suna, ya faɗi jam'iyya. Marley bai yi haka ba, habaici ya yi, kuma mai habaici ya san mai shi ya san kansa. A cikin Guiltiness ya kwatanta azzalumai da manyan kifaye masu cin ƙanana, ya bar su da lamirinsu. A cikin So Much Things to Say sunayen da ya kawo na waɗanda suka riga suka shuɗe ne: Annabi Isa, da Marcus Garvey, da Paul Bogle wanda Turawan mulki suka rataye a 1865 bayan boren Morant Bay. Ta haka ya sa kansa cikin jerin waɗanda aka ci amanarsu ba tare da ya ce ga abin da aka yi masa ba. Maganar harbin kanta bai yi ta ƙuru-ƙuru ba sai a 1979, a waƙar Ambush in the Night ta faifan Survival.

Wannan dabara tana da riba, tana kuma da hasara. Ribarta ita ce waƙoƙin ba su tsufa tare da zaɓen 1976 ba, duk wanda aka zalunta a ko'ina yana iya sa sunan nasa azzalumin a gurbin da aka bari. Hasarar kuwa ita ce, in aka gwama su da waƙoƙin faifan Burnin' na 1973 da Natty Dread na 1974, inda ake ganin yunwa, da shingen 'yan sanda, da tsakar gidan haya na Trench Town kamar a taɓa su da hannu, sai a ga na Exodus sun yi nisa da ƙasa. The Heathen ita ce ta fi rauni ta wannan wajen, domin kiɗanta ya fi maganarta nauyi, kira ne ga mayaƙa su miƙe, amma ba a ga filin dagar ba. Mutumin da yake gudun hijira a ƙasar sanyi, ba mamaki garinsu ya zamar masa misali maimakon wuri.

Waƙar Exodus, wadda ta rufe wannan fuska, ita ce ta biya bashin sauran. Tsawonta ya kusa minti takwas, kuma kusan a kan amo ɗaya aka gina ta, ba hawa ba sauka, sai gangar Carlton Barrett da jitar ƙasa ta wansa Aston Barrett suna tafe kamar sawun ayari. Sunan daga Attaura aka ɗauko shi, daga labarin fitar Bani Isra'ila daga Masar a ƙarƙashin Annabi Musa. A wurin mabiya Rastafari, waɗanda Marley yake cikinsu, Babila ita ce duniyar da ta bautar da baƙar fata, ƙasar alkawari kuwa ita ce Afirka, musamman Habasha. Har rubutun da Neville Garrick ya yi a bangon faifan an siffanta shi da haruffan Habashawa. To, a nan ne hijirar mutum ɗaya da ya tsere wa bindiga ta zama hijirar al'umma, kuma kiɗan da kansa ya nuna tafiyar kafin a fahimci kalma ko ɗaya.

Ta fuskar harshe akwai abin lura wanda masu sharhi ba su cika kulawa da shi ba, watau yadda wakilin suna yake sauyawa daga waƙa zuwa waƙa. A tsakiyar fuskar farko wakilin sunan da ya yi rinjaye shi ne "su": su ne masu surutu, su ne masu laifi, su ne abokan gāba. Harshen kuwa gauraye ne na Ingilishin Littafi Mai Tsarki, fassarar Sarki James ta 1611, da Patwa, yaren talakawan Jamaika. Ko sunan So Much Things to Say ya karya ƙa'idar Ingilishin makaranta, domin ba a haɗa kalmarsa ta biyu da jam'i, amma a Patwa daidai ne. A cikin wannan waƙa kuma ake jin wakilin sunan nan na 'yan Rastafari da ake ninka "ni" sau biyu, wanda yake nufin ni, yake kuma nufin mu, domin a ganinsu mutum ba ya rabuwa da ɗan'uwansa ko da Mahaliccinsa. Da aka zo Exodus sai "su" ya ja baya, "mu" ya shigo gaba.

A fuska ta biyu tafiyar ta ci gaba. Jamming ta haɗa "mu" da "ni da kai", Waiting in Vain da Turn Your Lights Down Low suka taƙaita duniya ta zama "ni da ke" kurum, kuma harshensu ya matso kusa da Ingilishin waƙoƙin baƙaƙen Amurka. Three Little Birds tana magana da mutum na biyu, amma da yake Ingilishi kalma ɗaya gare shi a wannan wuri, ba a san ko namiji ne, ko mace, ko jama'a ba. Mai son ya juya ta zuwa Hausa dole ya zaɓa tsakanin kai, da ke, da ku, kuma duk wanda ya zaɓa ya rage mata faɗi. A ƙarshe One Love ta komo kan "mu", amma wannan "mu" ɗin ya fi na Exodus girma, don na Exodus na masu fita ne, na One Love kuwa har wanda aka fita aka bari ana tambayar makomarsa. Ashe faifan tafiya ce daga "su" zuwa "mu", ta hanyar "ni da ke".

In an gane haka, zancen cewa fuska ta biyu ja da baya ce ya faɗi. Jamming, wadda ake ɗauka waƙar rawa ce tsantsa, ita ce kaɗai a faifan ta ambaci harsashi a fili, tana mai cewa bai isa ya tsai da su ba. Waiting in Vain waƙar bege ce ta mai jiran da yake ƙidaya shekaru a bakin ƙofa, ga jitar Junior Marvin tana taya shi kuka, kuma jira shi ne dukan sana'ar mai gudun hijira. One Love ma ba sabuwa ba ce, tun 1965 ya fara rera ta da sauri-sauri a ɗakin Studio One, amma a 1977 ya sassauta ta, aka haɗa sunanta da na waƙar Curtis Mayfield wadda ta yi aro daga cikinta tun farko, kuma baitocinta suna zancen ranar hisabi da hukuncin wanda ya cuci mutane. Amshin da I-Threes suke yi, watau Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, shi ne mai daɗi, baitocin kuwa masu ɗaci ne. Mutumin da aka nemi ransa, sa'an nan ya kira kowa da kowa zuwa ga sulhu, ba a ce masa matsoraci. Shaidar haka ta zo ran 22 ga Afrilu 1978, sa'ad da ya kira Manley da Seaga kan dandamali a Kingston ya haɗa hannuwansu. Wannan bai hana zubar da jini a zaɓen 1980 ba, kuma a nan ne iyakar ƙarfin waƙa ya bayyana. Duk da haka ba za a ƙi faɗa ba, Turn Your Lights Down Low ita ce mafi ƙarancin kaya a cikin goman, ko wani mawaƙi ne ya yi ta ba abin da zai ragu.

Saura batun abin da ya sami faifan bayan mai shi. Marley ya rasu ran 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. A 1984 aka fitar da Legend, tarin zaɓaɓɓun waƙoƙinsa wanda ya fi dukan faifansa kasuwa, aka ɗebi biyar daga Exodus, huɗu daga fuska ta biyu, ɗaya tak daga ta farko. Ta wannan tari ne yawancin mutanen duniya suka san shi, har One Love ta zama waƙar tallar jawo baƙi masu yawon shaƙatawa zuwa Jamaika. A 1999 mujallar Time ta zaɓi Exodus a matsayin faifan da ya fi kowane a ƙarni na 20, amma yabo bai mai da abin da aka yanke ba. Magani aka raba da cutarsa, aka bar mutane suna lasar zaƙin ba su san abin da aka sha shi dominsa ba.

Aikin Ziggy Marley na 2017 yana da amfani ga mai nazari, domin ya fito da muryoyin mahaifinsa da ba a taɓa ji ba, ya nuna yadda mawaƙin yake gwada kalma ya sake ta kafin ya tsaya a kan ɗaya. Amma da ya ɗauko Exodus daga tsakiya ya buɗe faifan da ita, ya kuma raba One Love da ƙarshe, sai tafiyar wakilin sunan nan ta wargaje. An fita daga Masar tun ba a ga Fir'auna ba, an yi sulhu tun ba a gama jira ba. Ɗa yana da iko da gadon ubansa, kuma an yi adalci da aka ajiye na asali kusa da sabon, ba a maye gurbinsa ba. Sai dai sabon ya tabbatar da abin da ake tambaya tun farko, cewa jerin nan na 1977 yana daga cikin abin da Marley ya rubuta, kamar yadda jerin baitoci yake daga cikin aikin marubucin waƙa. Wanda ya sami wannan bugu, abin da ya fi masa shi ne ya fara da faifan asali, ya saurari biyar na farko, ya dakata kaɗan kamar mai juya garmaho, sa'an nan ya ci gaba.