Atamfa Mai Zuba: A Wanke Kafin Ɗinki Ko A Bari?

A ƙasar Hausa ba a saba wanke sabon zane kafin a kai wa tela ba. Daga kanti sai shagon ɗinki, da sitatinsa da takardar kamfani manne a jiki. Matar Gubuci da ta sayi turmi a kasuwar Maƙarfi ranar Laraba, ko aka sayo mata daga Kantin Kwari, in ka ce ta tsoma shi a ruwa kafin almakashi ya taɓa shi, za ta tambaye ka ko so kake a ce kwance ta ɗinka. Kuma tana da hujja. Sheƙin nan da tsayuwar zane su ne shaidar sabunta ran Sallah ko ran biki, wanki ɗaya ke tafiya da su. Shi ya sa ba wanda zai yi gigin saka wankakkiyar atamfa a akwatin lefe.

Al'adar tana da tushe a sana'ar rini. Yankin da ya taso daga kudancin Kano ya shigo arewacin Zazzau, inda Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi da Ikara suke, ƙasar auduga da baba da karofi ce tun kafin zuwan Turawa. Baba kuwa ba ya narkewa a ruwa. Sai an tsima shi da toka a cikin rijiyar rini ya yi kwanaki yana ruɓa sannan yake shiga zare. Marini zai tsamo zanen yana kore-kore, iska na bugunsa ya rikiɗe ya koma shuɗi a kan idonka. Wanda ya shiga zare ya zauna ke nan. Rarar da ta kwanta a sama ita ke gogewa a jiki. A zanen ɗan Kura ma da gangan ake ƙara shuni, mabuga su yi ta dukansa har ya ɗauki ƙyalli. Buzu ya sayi turkudi da tsada ne don wannan shunin da ke bin goshinsa, wanke shi ɓarna ce. Har yau a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, wannan hanyar ake bi.

Sai dai atamfa ba turkudi ba ce. Asalinta rinin kakin zuma ne na tsibirin Jawa a Indunusiya, wanda masaƙun Holan da Ingila suka kwaikwaya da inji. Kamfanin Vlisco na garin Helmond a Holan tun 1846 yake aiki. Irin wannan atamfar, da wadda masaƙar UNTL ke bugawa a Kaduna kafin ta rufe a 2007, ana ɗauraye su sosai tun a masaƙa, shi ya sa iyayenmu mata ke yabon zane da cewa “ba ya zuba”. Yanzu kasuwa ta cika da atamfar Sin, wata mai kyau, wata kuwa an yi rowar ruwan ɗauraya. Ga galila da shaddar da ake rinawa da sinadari a ganga, inda hannun marini kaɗai ke raba mai zuba da marar zuba. Ja da shuɗi mai duhu su suka fi ba da kunya.

Da a ce atamfa ita kaɗai ake ɗinkawa, riga da zane da kallabi, da abin ya zo da sauƙi: ta zuba a bahon wanki, a zubar da ruwan, shi ke nan. Matsalar ɗinkin haɗi ce. Yau ana jera atamfa da farin yadi a wuya, a sa mata shafi, a yi wa shadda aiki da farin zare. Wasu teloli na tara ƙyallaye su harhaɗa zanen gado ko rigar filo, kala goma a wuri ɗaya. Ƙyalle ɗaya mai zuba ya isa ya ɓata sauran tara. Ga kuma tsukewa: auduga na ja da baya a wankin farko, shafin roba ba ya motsi, sai ka ga gefen riga ya tattare.

Maganar jiƙa zane a ruwan gishiri wai don ya kama launi, ban yarda da ita ba. Gishiri na da amfani a lokacin rini, yana tura launi cikin zare. Bayan an gama kuwa, abin da bai kama ba ba zai kama ba, ruwan ne kawai ke kwashe rarar, gishiri ya sha yabo.

Gwajin gane zane mai zuba ba ya cin ko sisi. A yanki ɗan ƙyalle daga bakin turmi, a jiƙa shi da ruwan ɗumi da sabulu, a naɗe cikin farin tsumma, a danna da dutsen guga. In tsumman ya fito fes, a yanka a ɗinka, sheƙi na nan. In ya ɗauki launi, kuma haɗi za a yi, a wanke zanen shi kaɗai har ruwa ya washe, a shanya a inuwa, a mayar masa da sitati. Wannan aikin tela ne, ba na mai kaya ba, domin shi ya san abin da zai haɗa da me. Teloli, ku gwada kafin ku sa almakashi.