Garkuwar Zulu a Hannun Masu Tara Kayan Tarihi

Dillalan kayan tarihi a Turai sukan yi wa garkuwar Zulu kuɗi bisa tsufanta da lafiyar ƙirginta. A ganina wannan awo bai cika mudu ba. Abin lura shi ne, babbar garkuwar yaƙi, watau isihlangu, mallakar sarki ce. Daga fatun shanunsa ake yanka ta, launinta kuwa shi ke nuna rundunar mai riƙe da ita: fara ta dattawan mayaƙa, baƙa ta samari. A yaƙin 1879, wanda sojojin Ingila suka ƙone Ulundi a cikinsa, an kwashi garkuwoyi da yawa ganima. Saboda haka ya wajaba manazarci ya fara bin diddigin yadda garkuwa ta bar hannun masu ita, kafin a zo maganar farashi.