Digiri Da Tsadarsa A Arewacin Togo

A Sokode da Dapaong akwai wata magana da iyaye suka riƙe kamar doka: yaron da ya ci jarrabawar Bak dole ya tafi jami'a, ko da za a sayar da sa, ko a ci bashi a kan audugar baɗi. Maganar tana da tushe, amma lokaci ya yi da za a sake auna ta.

Tushenta shi ne zamanin da takarda take buɗe ƙofa. An kafa jami'ar farko ta Togo a Lome a 1970, kuma a shekarun nan wanda ya gama karatu yakan sami aikin gwamnati ba da wahala ba. Makarantun mishan ma sun taimaka wajen dasa wannan bege, gama daga cikinsu ne malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti da yawa suka fito. Amma a shekarun 1980 bashi ya danne ƙasar, aka tsuke ɗaukar ma'aikata. Sa'an nan a Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafi da magani da duk abin da ake shigowa da shi suka yi tsada. Ƙofar ta ƙuntace, maganar iyaye kuwa ba ta sake ba.

Gaskiya ne gwamnati ta rage wa iyaye kaya daga ƙasa. An soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati a 2008, aka kuma buɗe Jami'ar Kara a 2004 domin 'yan arewa su huta da doguwar tafiya. Wannan abin yabo ne. Sai dai kuɗin rajista ba shi ne babban nauyi ba. Sokode tana da nisan wajen kilomita 340 daga Lome, Dapaong kuwa fiye da 600. Ko Kara ma tana da nisan wajen kilomita 200 daga Dapaong. Ɗalibi zai biya hayar ɗaki, ya ci abinci, ya biya mota, ya kwafi takardun darasi, yanzu kuma ga waya da intanet. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar tun Janairu 2023 sefa 52,500 ne a wata, manomin yankin Savanes kuwa ba shi da albashi sam. Idan yaro ya koma makaranta mai zaman kanta, kuɗin shekara ɗaya yakan cinye abin da gona ta bayar duka. Ba banza ba ne ɗalibai suka yi zanga-zanga a 2011 a kan kuɗin tallafi da sabon tsarin karatu, har aka rufe jami'a na ɗan lokaci.

To, bayan wannan duka, me ake girba? Waɗansu sun zama likitoci da malamai da injiniyoyi, suna riƙe da danginsu. Amma kowa a tashar Sokode ya san matasa masu digiri da suke tuƙa zemijan. Tuƙin babur ba abin kunya ba ne. Abin tambaya shi ne, don me aka sayar da sa aka hana ƙanwa karatu, in ƙarshen tafiyar ke nan?

Laifin ya kasu uku. Na jami'o'i shi ne cika azuzuwa da ɗaruruwan ɗalibai a fannonin da kasuwa ba ta nema. Na iyaye shi ne neman suna, domin a ce ɗan wane yana Lome, ba tare da tambayar abin da yake karantawa ba. Na shugabannin ikkilisiya kuwa shi ne yi wa mai digiri biki a gaban jama'a, a bar kafinta da makaniki da masaƙi a kujerar baya, alhali zakarsu ce take rufa ɗakin sujada.

Wannan ba kira ba ne a bar jami'a. Yankin da yake fama da talauci, da kuma hare-haren kan iyaka tun 2021, yana bukatar masu ilimi fiye da kowane wuri. Amma kafin a sayar da sa, sai iyali su zauna su yi lissafi: wane fanni ne, shekara nawa, nawa za a kashe, su wane ne suka gama shi, ina suke yanzu? Sokode tana da makarantar koyon fasaha ta gwamnati, ga kuma masu sana'a da suke ɗaukar almajirai. Yaro yana iya haɗa karatu da sana'a, ko ya fara da sana'a ya biya wa kansa karatu daga baya. Ikkilisiyoyi kuma suna iya kafa asusun taimako wanda zai duba ɗan koyon walda kamar yadda yake duba ɗalibin shari'a, ya kuma tuna da 'yan mata.

Hausawa sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ilimi ba muguwar rawa ba ne, amma bashin da aka ci ba lissafi yana iya zama haka.