Mil 40,000 Kafin a Yanke wa Mota Hukunci

Chevrolet Camaro ce mujallar Motor Trend ta naɗa wa rawanin motar shekara ta 2016. Marubutan mujallun motoci na Amurka sun yi ta yabon yadda ta rage nauyi, da yadda take shan kwana ba tare da tangal-tangal ba. Dodge Challenger kuwa, duk lokacin da aka jera ta da Camaro da Ford Mustang a gwajin kwatance, sau da yawa ita ce kurar baya. An ce ta yi nauyi, ta yi faɗi, kuma ginin ƙarƙashinta tsoho ne tun 2008, wasu sassansa ma gadon Mercedes ne daga zamanin haɗakar Daimler da Chrysler. Sai ga shi a 2021 an sayar da Challenger sama da 54,000 a Amurka, Mustang kimanin 52,000, Camaro kuwa ba ta kai 22,000 ba. A 2022 ma Challenger ce ta sake zama a gaba.

Da wannan lissafi masu motocin ƙwanji, wato irin su Challenger da Mustang da Camaro, ke kafa hujja a kan mujallu. Suna cewa marubutan nan motar aro suke tuƙawa ta kwana biyu a filin tsere, su mayar da makulli, su koma ofis su yanke hukunci a kan abin da wani zai shekara biyar yana biyan bashinsa a banki. Akwai gaskiya a cikin ƙorafin, kuma ba kaɗan ba. Amma masu yin sa sun haɗa nau'o'in rubutu daban-daban sun yi musu kuɗin goro, har suka yar da wanda ya fi kowanne tsaya musu.

Tarihin sana'ar gajere ne. Tom McCahill ne ya fara gwada motoci yana rubutawa a mujallar Mechanix Illustrated a 1946, kuma shi ake danganta wa yaɗa ma'aunin nan na tashi daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa, wato kusan kilomita 97. Road & Track ta fito a 1947, Motor Trend a 1949, Car and Driver kuma ta ɗauki sunanta na yanzu a 1961. Tun farkon zamanin motocin ƙwanji aka fara da tabo. A fitowar Maris 1964, Car and Driver ta kwatanta sabuwar Pontiac GTO da Ferrari GTO, ta buga cewa Pontiac ɗin ta kai mil 60 cikin daƙiƙa 4.6. Shekaru da yawa bayan haka Jim Wangers, mai tallar Pontiac, ya amsa cewa an cire injin 389 da ake sayar wa jama'a an saka mafi girma, 421, a motar da aka auna. Duk mai Mustang ko Challenger da ke zargin cewa kamfanoni na ba 'yan jarida mota ta musamman, yana da wannan labari a aljihunsa.

Zargin cewa kuɗin talla ne ke rubuta hukuncin bai cancanci dogon bayani ba. Ford da General Motors da Dodge duk suna talla a shafuka ɗaya, kuma mai Camaro na rantsuwa cewa mujalla 'yar Ford ce a daidai watan da mai Mustang ke rantsuwa cewa 'yar Chevrolet ce. Wanda ya zuba dukiyarsa a mota ba alƙali ba ne a shari'arta.

Ƙorafin da ke da nauyi shi ne na lambobi. Mutum ya sayi Challenger Hellcat mai ƙarfin doki 707, ya ɗauki jan makulli, domin baƙin makullin yana tsayar da injin a 500, ya je titi ya taka totur har ƙasa. Tayoyin baya, masu faɗin milimita 275 kacal a motocin farko na 2015, suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna hayaƙi, agogo kuma ya nuna masa abin da bai yi kusa da na mujalla ba. Sai ya ce ƙarya aka buga. Ba ƙarya ba ce, sai dai lambar tana da sharuɗɗan da ba kowa ke karantawa ba. A filin tseren rubu'in mil, agogo ba ya fara ƙirga sai tayar gaba ta bar hasken na'urar da ke bakin layi, kuma kafin nan mota ta riga ta gusa kimanin ƙafa ɗaya. Car and Driver da Motor Trend sun ɗauki wannan al'ada, suna zubar da wannan ƙafa ɗaya daga lissafinsu, abin da kan rage har kusan kashi uku cikin goma na daƙiƙa. Sannan ana gyara sakamakon da lissafin zafi da danshi da nauyin iska, don a iya kwatanta motar da aka auna da sanyin Mishigan da wadda aka auna da zafin hamadar Kalifoniya. Direban kuma ƙwararre ne, yana maimaita tashi sau da yawa har ya dace da mafi kyau, kuma kulocin da yake ƙonawa ba nasa ba ne.

Challenger Demon ta 2018 ta kai wannan al'ada ƙarshenta. Dodge ta ce motar ta cinye rubu'in mil cikin daƙiƙa 9.65 da gudun mil 140, kuma hukumar tseren NHRA ta tabbatar. Amma don samun haka sai an zuba mai na tsere mai oktan 100, wanda ke ɗaga ƙarfin daga 808 zuwa 840, an sa siraran tayoyin gaba daga akwatin da ake sayarwa dala ɗaya, an bar kujerar fasinja da ta baya a gida, kuma an tsaya a kan kwaltar da aka fesa wa sinadari mai danƙo. Wannan lamba ta kamfani ce, akasarin 'yan jaridar da suka gwada da kansu ma ba su kai ta ba.

Abin mamaki shi ne maganin wannan ƙorafi yana nan a shafi ɗaya, layi biyu ko uku ƙasa da lambar da kowa ke haddacewa. Car and Driver na buga wani ma'auni na tashi daga mil 5 zuwa 60. Mota na tafiya a hankali a giya ta ɗaya, kamar mai fitowa daga layi zai hau babban titi, sai a danne totur. Babu ɗaga injin a saki kuloci da ƙarfi, babu na'urar taimakon tashi, babu ƙafa ɗaya da ake yafewa. A nan ƙananan injuna masu tobo kan tona kansu, domin sai sun jira iska ta taru, lambar ta yi nisa da ta farko. Babban V8 mai lita 6.2 ko 6.4 kuwa ba ya jiran komai, tazarar da ke tsakanin lambobin biyu takan zama 'yar kaɗan. Wato ma'aunin da ya fi nuna darajar motar ƙwanji a kan titi na yau da kullum, mujalla ce ta ƙirƙiro shi, masu motocin kuma ba su cika ambaton sa ba.

Inda masu Challenger suka yi gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne a kan tambayar da gwajin kwatance ke yi. Tun 2006 Car and Driver ke kai motoci filin tseren Virginia International Raceway kowace shekara, su zagaya hanya mai mil 4.1 ana duba agogo. A baya Motor Trend ta daɗe tana ɗora ɗan tsere Randy Pobst a kan sitiyari a Laguna Seca. A irin wannan fage motar da ta kai kusan tan biyu ba ta da ta cewa. Amma mai sayen Challenger bai taɓa tambayar wa zai riga wani zagaye fili ba. Yana son kujerar baya da babban mutum zai zauna, yana son but mai ɗaukar kayan tafiya, kuma na Challenger ya haura kubik ƙafa 16 alhali na Camaro bai kai 10 ba. Yana son ya waiga ya ga motar da ke gefensa, abin da ƙananan tagogin Camaro suka sa ya yi wuya. Mujallu sun rubuta duk waɗannan, amma a sakin layi na bakwai, bayan an riga an raba maki.

To, akwai nau'in rubutun da ya juya wannan tsari, kuma shi ne mafi daraja a duk abin da mujallun motoci ke bugawa: gwajin dogon zango. A Car and Driver mota kan zauna a hannun ma'aikata har sai ta yi mil 40,000, wato kimanin kilomita 64,000, abin da kan ci shekara ɗaya ko fiye. Ana auna ta tana sabuwa, a sake auna ta a ƙarshe, don a ga ko ƙarfi ya ragu ko burki ya yi sanyi. Akwai littafi a cikin motar, duk wanda ya tuƙa zai rubuta abin da ya gani: mai tsawo ya ce kansa na taɓa rufi, mai jariri ta ce kujerar yaro ta ƙi shiga, wanda ya yi doguwar tafiya zuwa wata jiha ya ce ƙarar taya ta hana shi jin rediyo. Ana rubuta kowace lita ta fetur. Ana kai ta sabis wurin dila kamar yadda kowa ke kaiwa, a ajiye rasit, a buga kuɗin juyen mai da na tayoyi da na gilashin da dutse ya fasa. Da hunturun Ann Arbor ya shigo, sai a sa mata tayoyin ƙanƙara a ci gaba da zuwa aiki da ita, ko da kuwa mai jan baya ce mai ƙarfin doki 500.

Kyawun wannan rubutu yana cikin yadda ra'ayi ke sauyawa a gaban mai karatu. Rahoton farko kan zo da zumuɗi. A mil 10,000 an fara gunaguni a kan abin da ba wanda ya lura da shi a makon farko. A mil 30,000 wani abin da aka kushe ya zama abin so, wani abin da aka yaba ya zama abin gajiya. Gwajin kwana biyu kamar ganin amarya ne ranar biki, wannan kuwa zaman gidan ne, inda hali ke fitowa. Kuma hukuncin ba na mutum ɗaya ba ne, muryoyin mutane da dama ne da ba su yarda da juna ba, aka bar saɓaninsu a fili.

Shelby GT350 misali ce mai kyau. Injinta mai lita 5.2, ƙarfin doki 526, yana juyawa har 8,250 a minti, kuma da wuya a sami marubucin da bai yaba ta ba a 2015 da 2016. Amma masu motar da suka sayi samfurin 2016 maras ƙarin kayan tsere sun tarar cewa giyabos na ɗaukar zafi a fili, kwamfutar motar ta rage mata ƙarfi ana tsakiyar gudu, domin ba a sa musu na'urorin sanyaya giya ba. A 2017 wasunsu suka kai ƙara kotun tarayya a Florida, kuma daga samfurin 2017 Ford ta mayar da na'urorin na kowa da kowa. Gajeren gwaji da motar da ke da cikakkun kaya ba zai taɓa gano wannan ba. Shan baƙin mai da masu motar suka yi ta kuka da shi kuwa, ya fito ƙarara a rahoton Car and Driver na dogon zango, domin an rubuta duk gwangwanin da aka ƙara tsakanin sabis da sabis.

Kafin nan an ga irin haka da Mustang SVT Cobra ta 1999. Ford ta ce ƙarfin doki 320 ne. Masu motar suka hau na'urar auna ƙarfi a garejojin unguwa suka ga bai kai ba, lambobin mujallu ma suka nuna ba ta fi ta shekarar da ta gabace ta gudu ba. Ford ta dakatar da sayarwa, ta kira motocin ta sauya musu bututun shaƙar iska da salansa, ta gyara kwamfuta, sannan ba ta fitar da Cobra ta gama-gari a 2000 ba. A wannan karon agogon ɗan jarida da na'urar mai mota shaida ɗaya suka bayar, shi ya sa kamfani ya saurara.

Akwai masu cewa Consumer Reports ta riga ta yi wannan aiki, tunda tana sayen motocinta da kuɗinta ba tare da bayyana kanta ba, kuma tana tambayar ɗimbin masu motoci kowace shekara. Aiki ne mai amfani, amma jadawalin maki ba ya gaya wa mutum yadda ake ji in an tayar da V8 da asuba maƙwabta na barci, ko dalilin da zai sa wani ya yafe wa mota shan mai saboda ƙararta. Motar ƙwanji ba da lissafi kaɗai ake sayen ta ba, don haka tana bukatar marubucin da zai riƙe rasit a hannu ɗaya ya kuma iya faɗin abin da zuciya ta ji.

Bukatar ta ma ƙaru yanzu. An ƙera Challenger ta ƙarshe a Brampton ta Kanada a Disamba 2023, Camaro ma ta tsaya da samfurin 2024, Mustang ce kaɗai ta rage a cikin ukun. Duk mai son sauran biyun sai dai ya sayi ta hannu, ko a Texas yake ko a Abuja, inda wasunsu kan iso bayan sun sauka a tashar jirgin ruwan Legas. Irin wannan mai saye ba ruwansa da wadda ta riga zagaye fili a shekarun baya. Abin da yake son sani shi ne a mil nawa tayoyin baya suka ƙare, nawa aka biya a burki, wace fitila ce ta kunna a dashbod. Gwajin da ke amsa masa shi ne mafi tsada ga mujalla, domin yana cin fetur da inshora da lokacin ma'aikata na shekara guda, kuma yana zuwa ne a lokacin da mujallun takarda ke ƙanƙancewa: a Disamba 2019 kamfanin TEN Publishing ya sanar da rufe bugun mujallun motoci 19 a rana ɗaya, har da Automobile, wadda David E. Davis ya kafa a 1986, kuma ta yi suna da gwajinta na riƙe mota tsawon yanayi huɗu na shekara.