3.2 Dungun Hannu a Zanen Kirchner na 1915

A wannan sashe za a yi nazarin zanen da Ernst Ludwig Kirchner ya yi wa kansa cikin kayan soja a shekarar 1915, domin a ga yadda mazhabar Bayyana Zuci take ɗaukar gaskiya. Kirchner yana cikin ɗalibai 4 masu koyon tsara gine-gine da suka kafa ƙungiyar Die Brücke, wato Gada, a birnin Dresden na ƙasar Jamus a 1905. Manufarsu ita ce mai zane ya fito da abin da ke ransa, ko da zai karkata siffa ko ya sauya launi.

A cikin zanen, Kirchner na tsaye da taba a baki, fuskarsa a rame, idanunsa babu ƙwaya. Ya ɗaga hannun dama, wanda aka yanke daga wuyan hannu, ya zama dungu mai jini. A bayansa kuma akwai siffar mutum tsirara, alamar ɗakin aikin da ya baro.

Abin lura a nan shi ne, Kirchner bai taɓa rasa hannu ba, bai ma je fagen daga ba. An sallame shi ne tun yana wurin horo saboda taɓuwar hankali da ta same shi. Idan aka auna zanen da ma'aunin kamanci, sai a ce ƙarya ya zana. Amma mai zane da hannu yake cin abinci, da shi kuma yake magana. Ke nan dungun na nuna tsoron da ya cika masa zuciya, cewa aikin soja zai kashe fasaharsa. Wannan ce gaskiyar da mazhabar take nema.

Sai dai zanen bai rasa rauni ba. Duk da sunan soja, babu kowa a cikin tashin hankalin sai mai zanen kansa. Idan aka kwatanta shi da jerin zane 50 kan yaƙi da Otto Dix ya fitar a 1924, bayan ya yi yaƙin da kansa, za a ga Dix ya dubi gawarwakin wasu, Kirchner kuwa kansa ya duba.

Har ila yau, tsoron nasa bai tashi a banza ba. A 1937 gwamnatin Nazi ta kwashe ayyukansa fiye da 600 daga gidajen adana kayan tarihi, ta baje wasu a birnin Munich a matsayin gurɓatacciyar fasaha. A 1938 ya kashe kansa kusa da Davos a ƙasar Suwizalan. Bisa ga wannan, ana iya cewa zanen shaida ne a kan abin da yaƙi ke yi wa zuciya, ko da jiki ya tsira.