Jitar Bes Tsakanin Hannun Makaɗi da Kafaɗar Mawaƙi

Ranar 5 ga Yulin 2025 wasu dattawa huɗu, kowannensu ya haura shekara saba'in, suka hau dandamali a Villa Park, filin Aston Villa da duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a Panshekara ta Kano ya san sunansa. Su ne Ozzy Osbourne da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, waɗanda suka kafa ƙungiyar Black Sabbath a Birmingham a 1968. Wasan bankwana suka yi. Ozzy a zaune ya rera waƙoƙinsa saboda ciwon Parkinson ya ci ƙarfinsa, kuma ranar 22 ga watan ya mutu. Masana tarihin kiɗa da yawa suna ɗora asalin rok mai nauyi, irin mai ƙarar da ke girgiza ƙirji, a kan waɗannan mutane da garin da ya haife su.

Birmingham garin masana'antu ne, irin Challawa da Sharaɗa da Bompai na Kano, sai dai ya fi su girma da tsufa. Ozzy ya yi aiki a mayanka kafin ya zama mawaƙi. Iommi kuwa lebura ne a kamfanin sarrafa ƙarfe, yana ɗan shekara 17, kuma a ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun dama. Bahago ne, saboda haka da wannan hannun yake danne tsirkiya. Duk wanda ya zauna da leburorin kamfani ya san irin wannan labari, kuma ya san yawanci daga nan ake rufe babin mutum. Shi sai ya narkar da robar kwalbar sabulu ya yi wa yatsun hula, ya liƙa mata fata, ya nemi siraran tsirkiyoyi, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don su rage masa zafi. Sassautawar nan ta sa muryar jitar ta yi ƙasa, ta yi kauri. Butler, mai riƙe da bes, ya sassauta tasa don su daidaita. A faifansu na 1971, Master of Reality, ana jin wannan nauyi sosai, kuma rabinsa daga hannun Butler yake fitowa.

Bes jita ce mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri. Leo Fender ne ya fara fitar da ita kasuwa da yawa a Amurka a 1951, da sunan Precision. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa wuri guda. Kamar gishiri take a miya: mai ci ba ya yabonsa, amma ranar da aka manta da shi cokali ɗaya zai yi ya ajiye. Shi ya sa a ƙungiyoyi da yawa mai bes yake can gefe kusa da mai ganga, idon jama'a na kan mawaƙi da mai jitar gaba.

Talabijin ne ya fito da shi sarari. Da tashar MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981, kiɗa ya zama abin kallo, kuma masoya suka fara gane kowane makaɗi da makaminsa. Lemmy na Motörhead, wanda ya mutu a Disambar 2015 yana da shekara 70, ba a raba shi da Rickenbacker, yana dukanta kamar mai jin haushinta, ya ɗaga kai sama yana waƙa cikin makirufo da ya kafa sama da bakinsa. Gene Simmons na Kiss ya sa an ƙera masa bes mai siffar gatari. Steve Harris, wanda ya kafa Iron Maiden a gabashin Landan a 1975, ya shafe shekaru da dama yana kaɗa Precision guda ɗaya, ana sauya mata fenti, har ta tsaya a fara mai tambarin West Ham, ƙungiyar da yake goyon baya. Har yau akwai masu tsayar da tsohon bidiyo su ƙura ido don gano wace bes ce a hannun wane, ta wace shekara ce, kuma ita ce aka ɗauki waƙar da ita ko ta aro ce.

Wannan bin diddigi yana iya zama kamar rashin aikin yi, amma yana da tushe. Su ma Turawan kwaikwayo suke yi a bidiyo: an riga an ɗauki waƙar a situdiyo, sau da yawa ma ba a jona jitar da komai ba. Sai dai hannun da ke kwaikwayon, a mafi yawan lokuta, shi ne hannun da ya yi kiɗan. Yatsa na sauka inda sauti ya sauka. Kayan kiɗan shaida ne na sana'a.

A nan ne bidiyon waƙoƙinmu suka rabu da nasu. Wanda ya saba karɓar sababbin waƙoƙi a wurin masu turi ya sha ganin mawaƙi a lambu ko gaban mota ya rataya jita, wani lokaci ma bes ce, yana shafa ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun ko motsi ba ya yi. Ka kasa kunne ka ji babu jita ko ɗaya a waƙar. Matsayinta ɗaya da tabarau da agogo. Sautin bes ɗin da ake ji kuwa, wanda ke sa lasifikar mai shayi rawa, daga fiyano ya fito, hannun hagu na mai haɗa kiɗa ne ya danna shi ko kwamfuta ta jera shi. Tun tsakiyar shekarun 1990, da situdiyo irin na Iyan-Tama suka fara amfani da fiyanon Yamaha, musamman bayan waƙar fim ɗin Sangaya ta mamaye gari, mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yake tsayawa a madadin ƙungiya guda. Wanda ake gani bai kaɗa ba, wanda ya kaɗa ba a ganinsa, sau da yawa ma ba a rubuta sunansa.

Kuskure ne a ce kunnen Bahaushe ba ya son sauti mai kauri. Tambarin sarki da gangar noma da babbar garayar 'yan bori duk a ƙasa suke magana. Ba kuma baƙi ba ne mu a wajen tsirkiya: Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ga molo, ga gurmi, ga goge da kukuma. Abin da al'adarmu ta yi shi ne ta ɗora magana a kan kiɗa. Mutane sun haddace baitocin Mamman Shata, amma ƙalilan ne za su iya lissafa masu kalangunsa. Fiyano ya zo ya tarar da wannan ɗabi'a, ya ƙara mata ƙarfi, domin ya fi arha: ba albashin mutum biyar, ba hayar ɗakin gwaji, ba rigimar rabon kuɗi.

An taɓa gwada ɗaya hanyar a Arewa. Bala Miller da ƙungiyarsa ta Great Music Pirameeds of Africa sun yi kiɗa da Hausa daga Kaduna, da jita da bes da kayan busa, kuma waƙarsa "Ikon Allah" ta shiga gidaje. A Kudu kuma, bayan yaƙin basasa, ƙungiyoyin rok irin su BLO da Ofege da Funkees sun cika Legas da Aba. Amma irin wannan kiɗa yana buƙatar wurin da matashi zai yi shekaru yana koyo a gaban jama'a, kuma a Kano wuraren nan su ne otal da kulob da coci da bandin 'yan sanda ko na soja. Galibinsu wurare ne da uba a cikin gari ba zai yarda ɗansa ya tare ba. Shi ya sa mai neman ƙwararren ɗan bes a Kano yakan nufi Sabon Gari.

Masu cewa ƙarar inji ce ta haifi rok mai nauyi suna faɗin rabin gaskiya ne. Da haka ne, da majemun Challawa sun ba mu namu Black Sabbath tuntuni. Birmingham ta ba yaranta albashin mako, da kantunan da ke sayar da jita a biya kaɗan-kaɗan, da ɗakunan wasa a kowace unguwa, da wutar da ba a ɗaukewa. Masana'antun Kano kuwa tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suke ja da baya, ga matsalar lantarki, ga atamfar waje da ta kashe masaƙu. Leburan da ke lissafin kuɗin mota daga Panshekara zuwa bakin aiki ba zai sayi bes da lasifikarta da janareta ba.

Amma talauci kaɗai bai isa hujja ba, domin Nijar na nan kusa. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, shi ma bahago, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da salon situdiyonmu, har da na'urar lanƙwasa murya. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka. Da ya koma ga ƙungiya mai jita da ganga da bes na gaske, sai ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024, waɗanda mujallun rok na duniya suka yaba. Mai bes ɗinsa, Mikey Coltun, Ba'amurke ne, kuma shi ne ke haɗa faifan. Bombino na Agadas ya shiga jerin 'yan takarar Grammy da faifansa Deran na 2018. A Yamai, ƙungiyar Tal National, wadda wani alƙali da aka fi sani da Almeida ke jagoranta, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma sa'o'i take yi tana kiɗa kai tsaye. Abin da ya raya su shi ne biki: a Agadas da Yamai ana gayyatar masu jita ɗaurin aure, a biya su, yara su tsaya suna kallon yatsunsu.

A Kano ma ana kashe kuɗi a biki, sai dai a kan mawaƙin da ke motsa baki bisa waƙar da DJ ya kunna. Masu shirya bidiyo da masu situdiyo suna da zaɓi biyu. Ko dai su nemo ɗan bes na gaske ya kaɗa, a biya shi, a nuna fuskarsa, a rubuta sunansa, ko kuma su cire jitar daga wuyan mawaƙi su juya kyamara ga mai fiyanon da ya yi aikin.